Abin Sanyi a Ɗakin Mai Jego

Kwarbai, cikin birni
Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da babansu. Mu ma nan lafiya, in dai wannan ake kira lafiya. Ummi tana nan, daga tsotso sai barci, ba ruwanta da rigimar kowa. Duk wanda ya zo barka sai ya ce ba sunan Inna kaɗai ta ɗauko ba, har goshinta. Ni da ban taɓa ganin Inna ba sai dai in ce to.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin kular abincin da na mayar miki. Gwaggo Asama'u ta karɓe wayata tun washegarin suna ta kulle a adakarta, wai hasken waya yana dusashe idon mai jego. Malam Ɗanladi mai napep da ke kawo mini saƙonki bai san yana ɗauke da komai ba, ki bar shi a haka.

Tun ranar da ta kore ki ta ce kada ki ƙara tako gidan nan sai an yi arba'in, gasa ni ake yi. Da safe a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa mini, da la'asar a sake. Ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, a wannan bazarar da kaji ma bakinsu a buɗe suke yawo. Ga kunun kanwa, kofi cike, kuma tana tsaye a kaina sai ta ga gindin kofin. Ruwan sha ma sai mai ɗumi. Ƙafafuna sun ɗan tasa, silifas ya daina shiga. Da na nuna mata sai ta ce sanyi ne yake neman hanya, ta ƙara kanwa.

Na gaya wa Baba, ya ce sha'anin mata ne, kuma shi ba ya ja da yayarsa. Suhaib, baban Ummi, ya koma Fatakwal wurin aikinsa, ko da yana nan ma kin san kunyar surukai ba za ta bar shi ya ce uffan ba.

Abinci ya fita raina, Yaya, har nonon ya fara ja da baya, wannan kuwa shi ya fi damuna. Abu ɗaya nake kwaɗayi a duniya, abin sanyin nan naki na biskit mai citta. Har yanzu ina ganin yadda kika shigo da shi ranar suna a kwanon gilas, raɓa tana tsattsafowa a jikinsa. Gwaggo ta taɓa gefen kwanon da bayan hannu, ta ji sanyi, ta juye wa akuyar Baba, sannan ta juyo kanki. Akuyar nan har yau in mun haɗa ido sai ta lashe baki, ni kuwa da aka yi domina ko ɗanɗane ban yi ba.

Na san in kin aiko da shi a haɗe ba zai wuce zaure ba, don komai ya shigo sai ta taɓa. To ki aiko mini da kayan a bushe, ki rubuto yadda ake yi. Kin ce ba ya buƙatar wuta, ni kuwa yanzu duk abin da ba ya buƙatar wuta ɗan'uwana ne. Akwai ƙaramin firjin sola a turakar Baba inda yake ajiye allurar sugansa, Gwaggo kuma ba ta shiga turakar.

Kada ki ce in yi haƙuri. Na yi, ya ƙare. Kuma ba a ɓoye zan ci ba. In ya haɗu, a tsakar gida zan zauna da cokalina.

Ki gaida yara. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Radiya

Tudun Jukun
Ranar Laraba

Zuwa ga Radiya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida uwata Ummi. Na karanta takardarki na yi dariya a wurin akuya, na zo wurin ƙafa dariyar ta tsaya. Zan dawo kan wannan.

Kayan suna cikin zannuwan Ummi da na wanke, can ƙasa: biskit mai citta, garin kirim na leda, madarar gari, da ɗan garin citta a ƙulle. Ki saurara da kyau, don na san ki da gaggawa.

Ki dama madara da ruwa mai kyau ki sa a firji. Ki sa kwanon silba a ciki shi ma, babu komai a cikinsa, ya yi sanyi ƙalau. Wannan ba iyayi ba ne. Kirim ba ya shiri da ɗumi ko kaɗan, shi da Gwaggo ba za su taɓa zama inuwa ɗaya ba. In sun yi sanyi ki zuba garin kirim a kwanon, ki zuba madara kaɗan-kaɗan, ki burga. Na san babu injin bugawa a gidan, maburgin miyar kuka ma ya isa, amma ki wanke shi sosai, kada ki ba mu kirim mai warin daddawa. Ki yi ta burgawa har ya tashi ya yi kauri, in kin ɗaga maburgin ki ga ya tsaya da tsini bai kwanta ba. Nan za ki dakata. Ki barbaɗa garin citta ki juya a hankali. Sukari kada ki ƙara, na cikin biskit ya wadatar.

Sai ki ɗauko roba mai murfi. Kowane biskit ki tsoma shi a ragowar madara ki cire nan take, yadda kike taɓa ruwan wankanki da yatsa. In ya daɗe kunu zai koma, kunu kuwa kin sha ya ishe ki. Ki jera su a ƙasan robar, ki shafa kirim ya rufe su, ki sake jerawa, ki sake shafawa, har kayan su ƙare, kirim ne zai zama na sama. Ki murtsuke biskit ɗaya da hannu ki watsa a kai. Ki rufe ki sa a firji tun hantsi, kada ki leƙa sai bayan la'asar. A nan aikin yake. Sanyi ne yake dafa shi, biskit ɗin ya sha kirim ya yi laushi har ki rantse kek ne aka gasa, cittar kuma sai ta bari kin haɗiye sannan ta taso miki.

Yanzu ƙafa. Ki danna yatsa a ƙwaurinki ki ɗan riƙe, ki saki. In ya bar rami ki faɗa mini, kuma ki faɗa mini gaskiya yadda numfashinki yake in kin kwanta. Na kira Baba a waya, ya ce in yi addu'a. Na ce ina yi, amma asibiti ma Allah ne ya hore mana shi. Sai ya ce baƙi sun zo. Na kira Suhaib, sai in sha Allahu yake ta jera mini kamar ni ce surukar.

Abin sanyi ba magani ba ne, Radiya, na aiko ne don ki samu abin da zai shiga cikinki. Wanda ya kamata ya ga ƙafar nan likita ne. Ina girmama Gwaggo, ita ta raine mu, amma korar da ta yi mini ba aya ba ce.

Allah ya ƙara sauƙi. Ki shafa mini kan Ummi.

Yayarki,
Zakiyya

Kwarbai
Ranar Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na yi, kuma na ci.

Na farko dai asara na yi, kuma laifina ne. Na ga kamar zama a turakar Baba zai daɗe, sai na ɗauko kwanon na dawo ɗakina na hau burgawa a bakin gado, kaskon garwashi yana ƙarƙashina. Na burga har kafaɗata ta sage, abu ya ƙi tashi, sai ma ƙara tsinkewa yake kamar farau-farau. Na zauna na yi kuka sosai a kan kwanon, ba don kirim ɗin ba, kin dai gane.

Jiya Juma'a da hantsi, Gwaggo ta tafi duba maƙwabciyarmu da ba ta da lafiya, sai na goya Ummi na shige turaka. A gaban firjin na durƙusa na bar ƙofarsa a buɗe, sanyi yana bugun fuskata. Wallahi Yaya da za a bar ni da a ciki zan tare. Nan kirim ya tashi ba gardama, ya tsaya da tsininsa yadda kika ce. Na tsoma, na jera, na shafa. Biskit biyu sun narke mini a hannu, na lashe abina.

Ina rufe robar Baba ya shigo ɗaukar carbinsa. Ya dube ni, ya dubi firji, ya tambaye ni mene ne wannan kusa da maganinsa. Na ce nawa maganin ne. Ya daɗe yana gyara zaman rawaninsa, sannan ya ce shi idonsa ba ya gani sosai kwanan nan, ya fita. Iyakar jarumtar Baba ke nan, amma na gode masa.

Bayan la'asar Gwaggo ta sauke ruwan wanka tana kirana. Na fito daga turaka da robar a hannu, na shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, na buɗe, na sa cokali. Yaya, ba zan iya kwatanta miki ba. Sanyin ya bi maƙogwarona har ƙirji, laushi kamar ba biskit ba, can sai ga cittar ta biyo baya. Tun da na haihu ban ji ni mutum ba ce sai a lokacin.

Ta tsaya a kaina da ganyen darbejiya yana ɗiga.

"Mene ne wannan?"

"Abin da akuya ta ci ranar suna ne, Gwaggo. Yau rabona ne."

"Ajiye shi."

"Ba zan ajiye ba."

Tun da ta ɗauke ni ina tsumma ban taɓa ce mata ba zan yi ba. Na yi ƙoƙarin lallashi, na ce ai citta ce a ciki, irin wadda take daka mini a yaji. Ta ce cittar da ta wuni a ƙanƙara ta tashi daga citta. Na ci gaba da ci, na kuma gaya mata wankan yau na yafe, kunun ma haka.

Na zaci za ta fizge, ko ta tara mini unguwa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ja baya ta zauna a kan turmi, tana kallon cokalin yana zuwa bakina yana dawowa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Gwaggo ba sai jiya. Na ci rabi, ta tashi ta ɗauke ragowar, kuma ba ta ba akuya ba.

Kin ce in faɗi gaskiya. Yatsa yana barin rami, kuma ramin ba ya saurin cikewa. Tun kafin kayanki su iso ba na iya kwanciya sai na tara matasai, in na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Akwai ɗan tari. Amma Ummi ta ƙoshi yau, har ta yi gyatsa.

Ban yi nadama ba, kada ma ki tambaya.

Taki,
Radiya

Daga Kwarbai, gidan Malam Abdulbaƙi
Ranar Lahadi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Zakiyya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Da hannuna nake rubuta wannan, don kada ki ce wani ya ƙara mini ko ya rage. Na gano hanyar da kuke bi. Takardar ƙanwarki ta jiya na gan ta a ƙarƙashin kula, ban buɗe ba na bar ta ta wuce, don ni ba a koya mini leƙen abin mutane ba. Yau tawa ce za ta bi hanyar.

Na hana ki shiga gida, kin shigo ta cikin zanen jariri. Kin yi dabara, makaranta ta yi rana.

Kuna ganina tsohuwa mai mugunta, mai ƙona ’yar mutane da ruwan zafi. To zan gaya miki abin da ban taɓa gaya muku ba, don da ina ganin ku yara ne. Lokacin da uwarku Sakinatu ta haifi Radiya, ni na yi mata jego a ɗakin nan da Radiya take ciki yanzu, a irin wannan bazarar. Ban rage mata komai ba, wanka, kunu, garwashi, yadda uwata ta yi mini, yadda aka yi wa kowace mace a gidan nan muka tashi da ƙarfinmu. Sai ta tsiro da roƙon abu mai sanyi. Safe da yamma, Yaya Asama'u ki taimake ni da ruwan randa ko kurɓi ɗaya. Na hana ta, don ina sonta. Wata rana na fita, wata baƙuwa da ta zo barka ta ji tausayinta ta sayo mata ƙanƙara a leda. Na dawo na tarar da ledar a ƙarƙashin matashi. Ba a rufa mako ba ta kumbura har fuska, numfashi ya gagare ta, a kan cinyata ta cika.

Ni na wanke ta. Ni na ɗauki Radiya na raine ta da madarar gwangwani, na rantse a raina in Allah ya kai ni jegonta, sanyi ba zai kusance ta ba ko da za ta tsane ni. Yanzu ga shi ta zauna a gabana ta ci ƙanƙara da cokali, kuma yau da safe na ga kumburin ya hau har gwiwa. Kin ga abin da kika jawo.

Ba zan zauna in sake kallon abin da na kalla ba. Daga gobe wanka zai ƙaru, kanwa za ta ƙaru, sai na kori sanyin nan daga jikinta. In ta ƙi zan kira matan unguwa su riƙe mini ita. Ragowar abin naki yana nan na adana, shi ne shaidata ranar da za a tambayi wanda ya yi.

Kada ki ƙara aiko da komai, ko abinci. Hukuncina na nan yadda yake har arba'in.

Allah ya shirye ku, ya raba mu da aikin da-na-sani.

Gwaggonku,
Asama'u

Tudun Jukun
Lahadi da yamma

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina durƙushe. Na karanta takardarki na yi kuka, don ban san kin ɗauki wannan nauyin ke kaɗai tsawon shekarun nan ba. Babu wanda ya ce ba kya son mu. Wanda ya faɗa ni zan fara mari.

Amma Gwaggo, ni ma ina gidan. Ban kai a saurare ni ba, amma na kai in gani. Ni nake sa wa Inna takalmi in za ta kewaya, kuma takalmin ya daina shiga tun kafin baƙuwar nan ta zo. A zaune take barci, ta jingina da bango. Ranar ƙanƙarar ina ɗakin, har ta ba ni na tsotsa. Ta ce mini, Zakiyya yau na ji daɗi. Ita ce magana mai daɗi ta ƙarshe da na ji a bakinta.

Radiya ma ƙafarta ta riga abin sanyina tashi, kin sani, ke aka fara nuna wa. Ni ba likita ba ce, ba zan ce miki ga abin da ke damunta ba. Abin da nake cewa shi ne a kai ta wurin wanda zai duba. In ya ce biskit ɗina ne, na yarda ki hana ni gidan har abada.

Gobe da hantsi zan zo da mota. Ki yafe mini, amma zan shigo. In kin tsaya a zaure zan durƙusa in gaishe ki in raɓa ta gefenki. In kin tara matan unguwa zan gaishe su ɗaya bayan ɗaya, in wuce. Na rasa uwa a ɗakin nan ina kallo, ba zan rasa ƙanwa a cikinsa ina Tudun Jukun ina jiran arba'in ba.

Ki huta lafiya.

’Yarki,
Zakiyya

Daga gadon asibiti
Ranar Laraba

Yaya,

Sallama. Kina zuwa kullum amma ba mu samu sararin magana ba, ke da Gwaggo kowa ta ɗaure fuska a gefen gado, ni kuma ga robar iska a hanci. Yau an cire mini ita. Zan cusa wannan a kayan wankin Ummi, don ki san abin da ya faru kafin ki iso Kwarbai ki tarar ba ma nan.

Ranar Litinin da sassafe na ji ana hura wuta, na leƙa na ga tukunya biyu a kan murhu maimakon ɗaya. Numfashina a lokacin guntu-guntu yake fita. Na san in na shiga ruwan nan ba zan fito da ƙafata ba. Sai na sa hijabi, na goya Ummi, na zura ƙafa a takalmin Baba don nawa ba ya shiga, na nufi zaure. Gwaggo ta ce ina za ki. Na ce asibiti. Ta ce mai jego ba ta taka waje. Na ce yau za a fara.

Lungunmu da kika sani gajere, ranar ya zame mini kamar tafiya Kano. Ina dafa katanga ina hutawa, mata suna leƙowa ta ƙofa suna salati. Ban kai bakin titi ba na ji an kwance goyon daga bayana. Gwaggo ce, mayafi a karkace, da jaka a hannu.

"Kawo ta nan, ke da ƙyar kike ɗauke da kanki."

Ita ta tsayar da napep.

Likitar mace ce, ’yar Wusasa, mai sanyin murya. Ta danna ƙafata, ta saurari ƙirjina, ta sa aka ɗauki hoton zuciya. Tana cikin rubutu Gwaggo ta buɗe jaka ta fito da robata ta dire a kan tebur, ta ce ga mai laifin, a duba. Abin duk ya narke ya fara tsami. Likita ta buɗe ta shinshina, ta tambayi abin da ke ciki, na faɗa mata. Ta rufe ta ture gefe. Sai ta nuna fulas ɗin da ke leƙowa daga jakar, ta ce wancan fa. Ashe har kunun Gwaggo ta zubo, kada in rasa na rana.

Gwaggo ta ce kunun kanwa ne, safe da yamma tun ranar haihuwa, kuma da hannunta take damawa. Da alfahari ta faɗa, Yaya.

Likita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce zuciyata ce ta gaji bayan haihuwa, yana faruwa da wasu matan, shi ya sa ruwa yake taruwa a jiki. Ta ce kanwa gishiri ce, tana ƙara riƙe ruwan, zafin wanka da garwashi kuma suna ƙara wa zuciyar aiki. Ta ce a daina duka, kuma mun zo a kan gaɓa.

Can Gwaggo ta yi tambaya da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Likita, macen da ta kumbura a jego, ta sha ƙanƙara sau ɗaya, ta rasu. Ƙanƙarar ce?"

"Hajiya, ban gan ta ba, ba zan yanke hukunci ba, kuma kwana na Allah ne. Amma ƙanƙara ba ta kumbura mutum."

Gwaggo ta ɗauki fulas ɗin ta rungume a cinya, haka ta wuni da shi, ba ta zubar ba, ba ta buɗe ba. Ban san wace mace take nufi ba sai da kika nuna mini takardarta jiya tana salla. Tausayinta ya cika ni. Amma da za a mayar da ni gindin bedin nan, sai na sake sa cokalin.

Kumburin yana saɓewa, jiya na kwanta da matashi ɗaya. Don Allah in kin zo gobe ki gaishe ta da sakin fuska. Ba ta cin abinci.

Taki,
Radiya

Kwarbai
Ranar Alhamis, bayan mako guda

Zakiyya,

Bayan sallama. An sallamo mu, jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ba Radiya wayarta. Tukunyar wanka na kife ta a bayan ɗaki.

Yarinyar nan ta ce abin nan take so, likita kuma ta ce ɗan kaɗan ba laifi. Na shiga turakar Abdulbaƙi na gwada da ragowar kayan, kirim ɗin ya ƙi tashi a hannuna. Ki zo ki nuna mini, ba sai arba'in ba. Ki taho da wani biskit ɗin. Sai dai cittar da kuke sawa ta yi kaɗan, dole a ƙara, a kan wannan ba zan janye ba.

Kada ki haɗo shi daga gida. Uwarku sau ɗaya ta sami sanyin da take roƙo, shi ma ba daga hannuna ba. Wannan ina so daga hannuna ta karɓa.

Sai kin zo.

Gwaggonku,
Asama'u